Rumfar Katako a Goodwood, da Garejin Kawuna a Kaduna

Na daɗe ina zaune a Ingila, amma har yau akwai halayen mutanen nan da ba su daina tsaya mini a rai ba. Ɗaya daga ciki shi ne yadda suka yi da wata tsohuwar rumfar katako. In ka gan ta a bayan tasha, sai ka ɗauka ɗakin ajiye buhuna ne. Asalinta a ƙauyen Ockham take, a yankin Surrey, cikin filin da iyalan Ken Tyrrell, mai ƙungiyar tseren motoci ta Tyrrell, ke sana'ar katako. A cikinta aka harhaɗa motar tsere ta farko mai sunan Tyrrell a 1970, a ɓoye, kuma shekara na zagayowa Jackie Stewart ya zama zakaran duniya na Formula 1, babbar gasar tseren motoci, da motar wannan gida. Da aka ga rumfar na neman salwanta, sai aka kwance ta, aka loda katakon a mota, aka kai filin tsere na Goodwood da ke kudancin ƙasar, aka sake kafa ta.

Na je na gan ta. Na tarar da dattawa masu furfura, wasu da jikokinsu, suna shiga a natse kamar masu zuwa gaisuwa. Wani tsoho ya dafa bangon da tafin hannunsa, ya jima bai ɗauke ba. Ni kuwa ina tsaye a wurin, garejin kawuna na Kaduna nake gani: rufin kwano, ƙasar da baƙin mai ya rina, benci guda, da akwatin sifanu da ba wanda ya isa ya taɓa sai shi.

Abin da na fara lura da shi a wajen masu begen tsoffin motocin tsere shi ne hirarsu ba ta tsaya kan direba. Direba yana da nasa yabon, amma in hira ta yi daɗi, kan mai zana motar take komawa. Wa ya yi tunanin nan? Me ya gani da sauran ba su gani ba? Ɗauki motar Tyrrell mai taya shida, wadda ake kira P34. Yaro ɗan shekara goma a Goodwood zai gaya maka Derek Gardner ne ya zana ta. Dabararsa ita ce tayoyin gaba manya suna tare iska suna rage gudu, to a mayar da su ƙanana masu inci 10 su ɓuya a bayan fiffiken gaba, sannan a sa huɗu maimakon biyu don kada riƙon ƙasa ya ragu. Aka yi ta dariya. A 1976, a tseren ƙasar Suwidin, Jody Scheckter ya zo na ɗaya da ita, Patrick Depailler ya zo na biyu. Nasararta ke nan guda ɗaya tak. Ƙananan tayoyin ba su samu ci gaban da manya suka samu ba, motar ta yi ta ja baya, bayan 1977 aka jingine ta. Amma yau in aka tayar da injinta, mutane barin abincinsu suke su ruga kallo. Motar da ta ci tsere ɗaya ta fi wasu da suka ci goma masoya.

Haka labarin motar fanka. A 1978 motocin Lotus suna cin karensu babu babbaka, saboda mai gidan Lotus, Colin Chapman, da mutanensa sun gano wani sirri: in ka siffanta ƙarƙashin mota kamar fiffiken jirgin sama a kife, ka toshe gefe da gefe da wani labule mai jan ƙasa, iskar da ke bi ta ƙasa za ta tsotse motar ta manne da kwalta. Sai ta sha kwana da gudun da wata ba za ta iya ba. Gordon Murray, haifaffen Durban a Afirka ta Kudu, shi ke zana wa ƙungiyar Brabham motoci, kuma injin Alfa Romeo da aka ba shi ya yi faɗi, bai bar wurin yin wannan dabara ba. Sai ya ɗaura wata ƙatuwar fanka a bayan motar tana zuƙe iskar ƙasa. Doka ta hana irin wannan, amma ya ce babban aikin fankar sanyaya inji ne, ya kuma haɗa ta da lagireto yadda maganar za ta tsaya. Niki Lauda ya ci tseren Suwidin da ita da tazarar sama da daƙiƙa 30. Sauran ƙungiyoyi suka tayar da ƙura, mai gidan Brabham, Bernie Ecclestone, ya janye motar. Tsere ɗaya ta shiga, shi ta ci. Kuma masoyan ba sa yarda a ba Murray yabon duka. Nan take wani zai tuna maka cewa Jim Hall na jihar Texas a Amurka ya riga shi, da motarsa Chaparral 2J ta 1970 mai fanka biyu da ƙaramin inji na musamman da ke juya su. Ita ma hana ta aka yi.

Wannan adalci na mayar wa kowa haƙƙin tunaninsa yana burge ni ƙwarai.

Da farko na ɗauka abin nasu irin na kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba ne, wato tsofaffi na kewar ƙuruciyarsu suna fakewa da mota. Akwai wannan a ciki, ba na musu. Amma rabin masu cika wuraren nan ba a haife su ba lokacin da Chapman ya rasu a 1982. Abin da suke bege, a fahimtata, zamani ne da in ka dubi mota kana ganin tunanin mutum ɗaya a jikinta. Motocin Formula 1 na yau sun fi na da gudu, sun fi su tattalin mai nesa ba kusa ba, amma ɗaruruwan injiniyoyi ke aikin kowace ɗaya, da kwamfuta, a cikin dokokin da suka ƙayyade kusan komai. In ka goge fenti da tambari, sai gwani ne zai bambance wannan da waccan. A da kuwa, wata doguwa ce kamar sigari, wata kamar bakin gatari, wata taya shida.

Sannan ga inda motocin suka fito. Charles Cooper da ɗansa John, a ƙaramin garejinsu na Surbiton, sun haɗa motarsu ta farko ne da sassan tsoffin ƙananan motocin Fiat da injin babur. Da yake injin babur da sarƙa yake juya taya, sai suka sa shi a bayan direba, don a nan ya fi sauƙi. Manyan kamfanoni suna sa inji a gaba, suna kallonsu a raine. A 1958 Stirling Moss ya ci tseren Ajantina da ƙaramar Cooper, Jack Brabham ya zama zakara da ita a 1959 da 1960, kuma daga nan kowa ya mayar da injinsa baya har yau. Enzo Ferrari ya riƙa kiran waɗannan Turawan Ingila 'yan gareji. Shi kansa Chapman tsohuwar Austin 7 ya fara yi wa kwaskwarima a 1948, a garejin bayan gidan iyayen yarinyar da ya aura daga baya. Mutumin nan ne a 1962 ya fito da Lotus 25, wadda aka daina yi wa ƙashi da bututun ƙarfe, aka naɗe faifan alminiyam ya zama kamar kwami direba ya kwanta a ciki. Jim Clark ya ci tsere 7 cikin 10 da ita a 1963. Ita ma ƙungiyar Tyrrell ta rumfar katako, bayan ta sauya hannu sau da dama, ita ce ta zama Mercedes ɗin da Lewis Hamilton ya ɗauki kambu shida a cikinta.

Akwai inda nake rabuwa da su, kuma na sha faɗa musu. Motocin nan sun ci rayuka. Chapman ya ƙwallafa rai a kan rage nauyi, wani lokaci har ƙarfen ya gaza. A 1969 a Basalona, dogayen fukafukan da aka ɗora wa Lotus suka karye, Graham Hill da Jochen Rindt suka yi haɗari a wuri ɗaya. Shekara ɗaya bayan nan Rindt ya mutu a Monza cikin Lotus 72, aka ba shi kambun duniya yana kabari. Clark ya rasu a Hockenheim a 1968. François Cevert, abokin aikin Stewart, ya mutu cikin motar Tyrrell a 1973, Stewart ya fasa tseren da zai zama nasa na 100 a Formula 1, bai sake shiga wani ba. Wanda ya ga yadda Romain Grosjean ya fito daga cikin wuta da ƙafarsa a Bahrain a 2020 ba zai ce dokokin yau ɓata wasa kawai suka yi ba. Ina son dabarun da, amma ba na son a mayar da kowane matashi cikin tankin mai mai taya huɗu. Duk begen da ya manta da matan da aka bari da marayu, bege ne da bai cika ba.

To mu fa, a gida?

Mu ma muna da namu begen. Ka ambaci Fijo 504 a majalisar dattawa a Kaduna ko Kano ko Damagaram, ka ga yadda fuska ke sakewa. A Kakuri aka riƙa haɗa ta, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, kuma a wannan shekarar ce 504 ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya, ɗaya daga cikin mafi wahala a duniya. Motar da ke kai amarya da buhun masara ita ce ta kayar da motocin tsere a cikin laka da ƙura. Mutanen Agadas kuma sun ga ayarin tseren Paris zuwa Dakar da idonsu shekara da shekaru, tun farkonsa a ƙarshen 1978. Saboda haka ba baƙi ba ne mu a wannan harka. Sai dai ka saurari yadda muke ba da labarin. Fijon Alhaji wane. Marsandin mai martaba. Direban nan da ke barin Kano bayan asuba ya yi walaha a Kaduna. Mai mota da direba ke shan kirari. Wanda ya sa hannu a cikin injin, ba a ko tambayar sunansa.

Kawuna ya fi shekara 40 yana kanikanci. Na ga ya gyara kafireto da abin da wani zai zubar a bola. Na ga ya ɗaga bayan 504 ta yadda za ta ɗauki kaya a hanyar ƙauye ba tare da ta zauna ba, direbobi daga nesa suna zuwa a yi musu irinsa. Ka shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, za ka tarar da ɗaruruwan irinsa: masu walda, masu juya ƙarfe, masu zuba alminiyam, mutanen da za ka nuna musu abu sau ɗaya su ƙera maka. Kafintocin da suka riƙa yi wa manyan motoci bodin katako, da masu zana musu dawisu da zaki da karin magana, wa ya rubuta sunan ko mutum ɗaya a cikinsu? Ban ce aikinsu daidai yake da na Chapman ba. Shi ya yi karatun injiniya a jami'a a Landan, kuma yana zaune a ƙasar da yaƙin duniya ya bar mata filayen jirgin sama da ƙwararrun ma'aikata birjik. Filayen tsere na Silverstone da Goodwood duk tsoffin filayen jiragen yaƙi ne. Amma irin ƙwaƙwalwar ɗaya ce, mai duban abu ta ce me zai hana a juya shi. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, da ya samu makaranta a Detroit da wurin aiki a General Motors, ai shi ya zana siffar farko ta motar Chevrolet Volt. Nawa ne irinsa suka tsufa a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya da sifana a hannu?

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa: mai neman na cefane ina ya ga ta ajiye tsohuwar mota? Gaskiya ne. A 2022 an sayar da wata tsohuwar Marsandi ta 1955 a kan Yuro miliyan 135, kuma wannan wasan masu kuɗi ne, bai shafe mu ba, bai ma shafi yawancin Turawan da ke cika Goodwood ba. Ba zan zargi wanda ya sayar wa 'yan gwangwan mataccen bodi ya sayi hatsi ba. Amma riƙe suna ba ya cin ko kwabo, kuma ba al'adar aro ba ce a wurinmu. Har gobe Zazzagawa sun san Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Muna da Sarkin Maƙera, muna da Sarkin Magina. Mun san darajar mai aikin hannu. Da mota ta zo ne muka ɗauke ta kayan Bature, muka ɗauki bakanike yaron da boko ya ƙi, muka daina lissafa shi cikin gwanaye. Uba zai yi alfahari ɗansa ya sayi mota, ya ji kunyar ɗansa yana gyara ta.

Daren da na dawo daga Goodwood na kira Kaduna. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, injin nan da ka taɓa haɗawa da injin babur, mai jawo ruwa daga rafi, yana nan?"

Ya yi dariya. "Wane inji kuma, ɗana? Ai tun shekarar da aka rushe tsohon garejin aka auna shi a kilo."

Na tambaye shi wa ya koya masa aiki. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya kira sunan maigidansa, ya yi masa addu'a, ya kira sunan wanda ya koya wa maigidan, wani mutumin Gwal Kwas, wato Gana ta yau, da ya zo da motocin gyada. Ya ce ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Muka yi fiye da awa ɗaya, yana faɗa ina rubutawa a bayan takardar shiga filin tseren, har wuri ya ƙare na ɗauko wata. Na roƙi ƙanena ya je garejin ranar Asabar da wayarsa, ya ɗauki hoton bencin da akwatin sifanun, ya kuma sa kawu ya zana masa yadda yake ɗaga bayan 504, ko a ƙasa ne da tsinke.