Ɗakin kiɗan maƙwabcina da molon Kawu

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, na dawo daga aikin dare ko awa biyu ban yi da kwanciya ba, mai raba saƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce in riƙe wa maƙwabcina wani ɗan kwali. Haka suke yi a nan Manchesta. In ba ka nan sai a bar wa na kusa da kai, shi kuma ba zai buɗe ba, ba zai ko girgiza ya ji mene ne a ciki ba. Ni dai na girgiza.

Shekara uku muna katanga ɗaya da dattijon nan, ban taɓa sa ƙafa a gidansa ba. Gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu da ƙorafin ruwan sama. Mai gyaran famfo ne da ya ajiye aiki, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wasu garuruwa. Da na miƙa masa kwalin sai fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ya ce in ina da minti biyar in sauko in ga inda abin zai zauna.

Muka bi wata matsattsiyar matakala zuwa ɗakin ƙasa. Jama'a, gani ya kori ji. Bango duk an lulluɓe shi da baƙin soso mai ƙulu-ƙulu kamar kiret ɗin ƙwai. Jita goma sha ɗaya a rataye ta wuya, a jere kamar ragunan layya, kowace da 'yar fitilarta a sama. A gefe akwai wani abu kamar agogo amma ba lokaci yake nunawa ba, laimar ɗaki yake aunawa. Ya ce itacen jita yana son laima tsakanin kashi 45 zuwa 55, in ta yi yawa ya kumbura, in ta yi ƙaranci ya tsage, shi ya sa ya sayi wata na'ura a lungu da ke tsotse danshi dare da rana. Na tuna hunturun Sakkwato da ke tsaga leɓe da diddige har su yi jini, ba wanda ya taɓa auna mana komai.

Kowace jita da tarihinta, kuma sai da na ji shi. Wannan Stratocaster ce, samfurin da kamfanin Fender ya fito da shi a 1954. Shi Leo Fender ɗin ashe mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya, kuma bai iya kaɗa jita ba, abin da ya fi komai ba ni dariya, don na san ire-irensa a Tsohuwar Kasuwa zaune cikin tulin gawar rediyo. Waccan Les Paul ce ta kamfanin Gibson, wadda aka fara yi a 1952. Ya rataya mini ita na ji kamar an ɗora mini rabin bulo a kafaɗa. Ya nuna mini maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin, an naɗe shi da siririyar wayar tagulla, shi ke mayar da kaɗawar tsirkiya ta zama lantarki. Ba tare da lasifika ba, ƙarar abin ba ta fi ta sauro ba.

Sai amfilifaya guda huɗu, wato akwatunan da ke ƙara wa jita sauti. Babbar cikinsu Marshall ce, 'yar Ingila, Jim Marshall ya fara haɗa irinta a Landan a 1962. A bayanta akwai 'yan kwalabe kamar ƙwan fitila, sai an kunna an jira sun yi ɗumi kamar rediyon zamanin da kafin su yi magana. A ƙasa kuma wani allo cike da ƙananan akwatuna masu launi-launi da ake takawa da ƙafa, sun haura ashirin. Wannan yana sa sauti ya dushe kamar muryar mai mura, wancan yana maimaita shi kamar ka leƙa rijiya ka yi kira, wani kuma yana sa jita ta yi kuka kamar jinjiri. Na cikin kwalin da na kawo kore ne. Da ya ɗora shi sai na ga akwai koraye biyu irinsa sak. Na tambaya, ya ɗan ji kunya, ya ce akwai bambanci, sai dai mai kunne ne zai ji.

A kan tebur ga kwamfuta, ga wani jan akwati da ake cusa wayar jita, ga makirfo irin Shure SM57 a gaban amfilifaya. Ya buɗe mini jerin abin da ya ɗauka na kansa tun zamanin kaset, ɗaruruwa, kowanne da ranarsa. Daga nan ya faɗi abin da har yau yake mini yawo a kai. Ya ce yana fata bai taɓa damuna da ƙara ba, don ya san aikin dare nake yi, shi ya sa ba ya wuce lamba biyu a amfilifaya, yawanci ma abin kunne yake saƙalawa.

Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa ji ba. Shekara uku, jita goma sha ɗaya, bango ɗaya tsakaninmu, ban san akwai makaɗi a layinmu ba.

Ya tambaye ni garinmu, na ce Sakkwato, ina jiran ya ce ina ne nan kamar yadda kowa ke yi. Sai ya miƙe zumbur ya zaro wani faifai. Ya ce ai a garinku Mdou Moctar ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008! Wai Ba'abzine ne daga jihar Tawa a Nijar, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta fari da wayar birkin keke. Waƙoƙin da ya ɗauka a Sakkwato suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da memori, har wani Ba'amurke ya tsinto su, yau mutumin yana cika ɗakunan wasa a Turai da Amurka. A 2008 ina Sakkwato, ina zirga-zirga tsakanin Runjin Sambo da Gawon Nama. Mai yiwuwa na sha wucewa ta ƙofar situdiyon. Sai ga wani mai gyaran famfo a ƙarƙashin ƙasa a Manchesta yana ba ni labarin garinmu.

Ya ce to ku wane abin tsirkiya kuke kaɗawa a gida? Na ce, "Mu gidanmu ba a kiɗa." Na yi masa godiya na hau sama.

Zan yi wa Turawa adalci. Mutanen nan sun iya adana abu. Sun san shekarar da aka ƙera, sun san wanda ya ƙera, suna da lamba a jikin kowane kaya. A 2019 an yi gwanjon baƙar jitar David Gilmour, shahararren makaɗin Ingila, a kan kusan dala miliyan 4, kuma ba zinari ne a jikinta ba, sunan mai ita da tarihinta aka saya. Wannan ba zan musa ba.

Amma ni dai abin da na gani a ɗakin nan bai ba ni sha'awa ba, tausayi ya ba ni. Kiɗan da maƙwabci bai ji ba, wane irin kiɗa ne? A gida in aka buga kalangu a Ƙofar Marke, na Kanwuri ya san ana buki. Ɗan Anace da kalangunsa ya sa ƙarti sun shiga fili an yi ta zubar da juna a dambe. Narambaɗa da kotso, Jankiɗi da taushi, Ɗanƙwairo da yaransa suna amshi, ba wayar lantarki ko ɗaya, amma har gobe direban tasha yana kunna su, malamin jami'a yana rubuta littafi a kansu. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, wanda cikinsa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, ya zaga duniya. A ba maƙwabcina kuntigin nan mu gani, da akwatunansa ashirin. Su kiɗa ya zama musu sayayya. Yau a ga sabon akwati a intanet a saya, jibi a ga wani, ana neman wani sauti da ba a taɓa kamawa, alhali abin da ya ɓace daga ɗakin mutane ne. Ba mai amshi, ba mai guɗa, ba mai liƙi, ba ko yaron da zai leƙo ta taga.

Kuma in ana maganar asali, kayan ma daga wajenmu suke. Baƙin itacen da ke wuyan jitarsa dangin kanya ne, kamfanin Taylor mai ƙera jita har masana'antar yanka shi ya shiga a Kamaru tun 2011. Jan itacen da ake yi wa wasu jiki ɗan'uwan maɗacinmu ne. Banjo ɗin da Amurkawa ke tinƙaho da shi jikan su molo da gurmi ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka tafi da ilimin haɗa shi a kawunansu. Na san wani zai ce ai mu ma yanzu fiyano da kwamfuta muka koma, yaro ɗaya a shago yana danna madanni ya fitar da kalangu da algaita na ƙarya. Haka ne. Amma ko wannan ɗin, kafin magariba ya isa wayar 'yan kabu-kabu, kafin Juma'a ana rawarsa a gidan buki. Ana ji dai.

Duk wannan na shirya shi a kaina ina hawa matakalar, kuma har yanzu ina kan bakana. Sai dai bai hana ni kwana ina juyi ba, saboda ƙarya na yi wa dattijon.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai molo ne. Duk unguwarmu an san shi. Ina yaro nakan zauna gabansa a zaure in ga yana gyara shi. Cikin molon itace ne da aka fafe kamar ɗan kwalekwale, an ɗaure shi da fata, tsirkiya uku, biyu dogaye ɗaya gajera. Babu maɓallin murɗawa irin na jita. Tsirkiyoyin an ɗaure su ne a wuya da zoben fata, sai ya tura zoben sama ko ƙasa da babban yatsa, ya karkata kai yana saurare, ya sake turawa kaɗan. Da damina fatar takan saki, sai ya ce in ɗebo garwashi a kasko, ya riƙa juya molon a sama yana ƙwanƙwasawa da farce har ta ɗame. Na'urar auna laimarsa ke nan. Bayan isha'i zai fito ƙofar gida, kafin ya gama waƙa ɗaya tabarma ta cika.

Da na shiga sakandare aka fara kirana ɗan gidan maroƙa. Ku da kuke gida kun san nauyin wannan kalma, ba sai na fassara ba. Mu ne masu son waƙa, mu ne masu hana ɗiyarmu auren mai yin ta. Na daina zama zauren. In abokaina sun zo sai in bi da su ta wata ƙofa. Da Kawu ya dawo daga Hajji ya rataye molon, mutane suka riƙa yi masa barka wai ya tuba, har da ni a masu murna. Akwai kaset guda da yayana ya ɗauke shi da rikoda, daga baya wani ya rasa kaset ɗin da zai ɗauki wa'azi ya ɗora a kai. Yau shekara tara da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Ina da hotonsa ɗaya na fasfo. Muryarsa kuwa ko ta minti ɗaya babu. Shi kuma wancan, da ba wanda ya taɓa yi wa liƙin kwabo, kowane tari da ya yi a gaban makirfo yana nan da kwanan wata.

Da Lahadi na kira ƙanena.

Na ce, "Wai molon Kawu shina nan?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, lahiya dai? Mi za ka yi da shi?"

"Kai dai duba mani."

"Kada dai Turawa sunka sa ka kiɗi da tsuhwanka."

Da yamma ya turo hoto a WhatsApp. Yana ɗakin Inna, bayan gado. Gara ta cinye fatar, wuyan ya ɓace, saura kwalekwalen itacen kaɗai, baƙi wuluk, gefe ɗaya ya yi santsi inda hannun Kawu ke zama. Inna tana zuba allura da zare da maɓallai a ciki. Ta karɓi wayar ta ce in dai shi nike so in aiko mata da gwangwanin da za ta mayar da kayanta.

Jiya na haɗu da maƙwabcin nawa wajen fitar da shara. Ya ce yana ta bincike, ya ga wani abu wai shi molo, ko na taɓa ganinsa ido da ido? Na ce zan nuna masa wani hoto, amma ba yau ba.

Don Allah 'yan Sakkwato, in akwai wanda ya san mai ɗaurin molo da ya rage, ko cikin gari ko ƙauyukan kusa, ya yi mini magana. Fata ba matsala ba ce, ƙanena zai samo a wajen majema. Mai sassaƙa wuyan da ɗaura tsirkiya nake nema, kuma in so samu ne dattijo, wanda zai iya kaɗa shi ko sau ɗaya a ɗauka a waya kafin a aiko mini.