Akuyar Dutsen Dala mai ƙafa shida

Wani ɗan gilashi ne ya ja min, irin wanda ake maƙala wa kyamarar waya. Mai shagon ya ce sunansa idon kifi, wai yana kwaso duk abin da ke gabanka, digiri 180, daga kafaɗar dama har ta hagu. Ni kuwa da ma na daɗe ina sha'awar hotunan nan masu faɗi da in ka kalla sai ka ji kamar kana tsaye a wurin. Na ce ai Kano ma ta isa a yi mata irinsa.

Ranar Asabar bayan la'asar na ja ƙanena muka nufi Dutsen Dala. Kafin mu ƙare matakalar nan ina haki kamar wanda kare ya koro. Amma da muka kai sama, wallahi gari ya yi kyau: ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga rufin kwano iya ganinka.

Na maƙala idon kifi na ɗauka. Da na duba, sai ga Kano ta lanƙwashe kamar an kifa ƙwarya, masallacin ya koma ɗan tsito, abin da ya cika hoton kuwa silifas ɗina ne da babban yatsana mai kaushi. Ashe gilashin nan abin da ke kusa yake kumburawa, na nesa ya tsuke shi.

"Yaya, ai ƙafarka ka zo ɗauka," in ji ƙanena.

Na cire shi na koma panorama. Ita wannan sai ka riƙe wayar kana juyawa a hankali kana bin kibiya, wayar tana ɗaukar hotuna sala-sala tana ɗinke su wuri guda. Sharaɗinta ɗaya, kada komai ya motsa. To, ina tsakiyar juyawa, na riƙe numfashi, sai wata akuya ta ratso gabana tana tafiyarta daidai da juyina, kamar mun yi alkawari.

Hoton ya fito, gari tsaf, sararin sama jawur. A tsakiya kuwa ga wata halitta doguwa kamar bencin makaranta, ƙafa shida, kai biyu. Ƙanena da ya ruga korar ta ya fito sau biyu, ɗayan babu wuya.

Kuskurena shi ne tura shi zauren WhatsApp na gidanmu ba tare da bayani ba. Ko ƙasa ba mu sauko ba Hajiya ta kira.

"Kai, kuna ina? Ku sauko yanzun nan! Wa ya aike ku dutsen Tsumburbura da magariba?"

Na ce, "Hajiya, waya ce ta ɗinke hoton." Ta ce wayar tela ce? Da muka iso gida sai da aka tofa mana addu'a, ƙanena kuma aka shafa wuyansa aka tabbatar yana nan.

Bayan kwana uku kawuna ya turo min hoton nan nawa, an riga an rubuta a ƙasansa: abin al'ajabi a Dala, a tura wa mutum goma. Na rubuta masa cewa ni na ɗauka, akuya ce kawai. Ya amsa: "Kai yaro ne, ba ka san Dala ba."