Himma ba kwana a shago ba ce

A Katsina in aka ce wane yana da himma, yawanci ana nufin ba ya barci, kuma ba ya mayar da aiki komai yawansa. Ni dai a ganina wannan haɗama ce aka sa mata sunan himma.

Leƙa shagon tela a Ƙofar Ƙaura ana saura kwana 10 ƙaramar Sallah. Akwai wanda ya karɓi shadda har ta cika benci, keke na ta ruri har asuba, idonsa ja wur. Daren Sallah kuwa sai cacar baki a bakin shagonsa: wannan hannun rigarsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wancan ko yanka ba a yi ba, da tsohuwar riga zai je kallon hawan Sarki a Ƙofar Soro.

Maƙwabcinsa tun tsakiyar azumi ya ce wa masu kawo ɗinki, "Alhaji, a yi haƙuri, na rufe karɓa." Har rago ake ce masa. Amma shi ne in wuyan riga ya ɗan karkace zai zauna ya warware zaren ya sake, ko da mai rigar ba zai lura ba. Ranar da ya ce a zo, kaya na nan a goge, a naɗe. Bayan Sallah wurinsa ake komawa, har da abokan cinikin wancan.

Kuma duk da hada-hadar Sallah, kullum yana shan ruwa a gida, yana tambayar ɗansa ina ya kai a allo.