Minsharin da na so in ɗora wa kaji

Ni dai ban taɓa yarda ina minshari ba. Shekara tara da aurenmu Maman Ummi tana cewa in na kwanta kamar an tada tsohon janareto ne a ɗakin, ni kuma ina cewa sharri ne tunda ban taɓa ji da kunnena ba. To a hunturun bara sai na samu shaidar da za ta wanke ni, ko in ce na ɗauka na samu.

Abin ya faro ne daga wani zakara. Ina da 'yan kajina a bayan gida, guda 14, tara na Hausa biyar noila, irin kajin zamanin nan da ake kiwo don nama da ƙwai, cikin wani akurkin langa-langa da na haɗa da hannuna, ba ruwansu da ciwo, ƙwai kuwa har maƙwabta muna ba wa. Wata Lahadi mun je ɗaurin aure ƙauye, a hanyar dawowa muka tsaya kasuwa sai na hango shi, ja jawur, ga tsayi ga ƙirji, zankon nan a miƙe. Mai shi ya faɗi kuɗi, na taya rabi don wasa kawai, kafin in rufe baki ya ce na sallama har ya ɗaure masa ƙafa ya miƙo min. Abokina ya matso ya ce min a kunne banza fa ba ta kai zomo kasuwa, na ce hassada ce ke damunka. A mota ya yi atishawa sau biyu, na ce ƙurar hanya ce, ni ma ai na yi. Muna isowa gida ko ruwa ban sha ba na jefa shi cikin akurki, na raɗa masa suna Ciyaman.

Kwana goma sha wani abu sai kaji suka fara atishawa, wata na girgiza kai, wata hanci na yoyo, ɗaya daga cikin noilolin kuma idonta na kumfa kamar an ɗiga mata ruwan omo. Ƙwan da muke tsinta shida bakwai ya koma biyu. Shi kuwa Ciyaman garau, yana ta yawo yana fankama, caransa ne kawai ya ɗan dushe kamar ɗan siyasa bayan kamfen.

Wani dare wajen ƙarfe biyu na fito zagawa sai na ji wani sauti daga bayan gida, kurrr kurrr, ana ja ana saki. Na laɓaɓa da tocila, wallahi kajin nan ne suke minshari, a jere a kan sanda. Maimakon tausayi ya kama ni sai murna, na koma da gudu na tashi matata na ce taso ki ga waɗanda kike ɗora min laifinsu. Ta zo ta saurara da mayafi a ka, ta dube ni ta ce Baban Ummi, shekara tara kajin nan suka yi a gidan nan? Na yi kamar ban ji ba.

Da gari ya waye aka shiga neman magani, kuma kun san in kaza ta yi ciwo a unguwa kowa likita ne. Baba maƙwabcinmu ya ce a daka barkono da tafarnuwa a zuba musu a ruwa, na daka, kajin suka leƙa ruwan suka koma gefe, ni ne na yi ta atishawa har azahar. Inna ta aiko da sassaƙen maɗaci ta ce a jiƙa, sannan ta bugo waya ta tuna min da murar tsuntsaye ta 2006, wadda aka fara gani a wata gona a jihar Kaduna, lokacin da ma'aikata suka riƙa zuwa da fararen kaya suna kashe kaji, ta ce in yi shiru da bakina kuma kar in bar jikokinta su matsa kusa. Na wuce kemis na ce a ba ni maganin mura mai ƙarfi, yaron ya ce na babba ko na yaro, na ce na kaza, bai ko ɗago kai ba ya ƙirgo min kafson amoksisilin. Na riƙa ɓarewa ina zazzagawa a ruwa da ƙiyasi, kwana biyu na ga kamar sun ɗan warware sai na daina, bayan kwana uku minshari ya dawo har da sababbin mawaƙa.

Sai na zauna na yi tunani irin nawa. Mura dai sanyi ke kawo ta, ga hunturu ana busawa, to maganin sanyi rufi. Na samo buhunan siminti da leda na toshe duk wata kafa ta akurkin nan, ko sauro ba zai samu hanya ba, na ja baya ina kallon aikina ina jin daɗi.

Abin da na fi jin kunyar faɗa shi ne siracen. Na tuna in mura ta kama mu Inna takan tafasa ruwa ta sa man zafi ta lulluɓe mu da bargo, na ce me zai hana. Na sa aka tafasa ruwa, na zauna a kan kujera 'yar tsugune, na rungumo noilar nan mai kumfar ido, na ce Ummi lulluɓe mu. Cikin bargon nan duhu, tururi na dukan fuskata, ni da kaza muna kallon juna. Ta yi haƙuri kamar na minti ɗaya, daga nan ta saki min kashi mai ɗumi a cinya, ta buga fiffike ta yage min gefen hanci da farce ta fice ta ƙarƙashin bargo. Ni na ci gaba da zama don ban san da wace fuska zan fito ba, ina jin Maman Ummi tana dariya har da tari, tana cewa a bar shi ya gama, dama shi ya fi bukata.

Ranar da aka wayi gari ɗaya ta mutu ne na haƙura na kira likitan dabbobi, wani matashi mai babur. Yana ɗaga buhun ƙofa ya ja da baya yana murza ido, ya ce Malam wa ya rufe su haka? Na ce yara ne. Ummi na gefe ta ce Baba kai ne fa. Ya ce in sa kaina ciki in yi numfashi sau uku, na sa, a na biyu hawaye ya zubo. Ya ce to wannan yajin daga kashinsu yake tashi in ya jiƙe ya taru babu iska, shi ke ƙona musu hanyar numfashi ya buɗe wa ciwo ƙofa, kai daƙiƙa biyar ka yi, su kwana suke a ciki.

Ya kama su ɗaya bayan ɗaya yana kara kunne a bayansu, yana matsa hanci, yana shinshina fuska. Ya tambaya ko akwai mai koren zawo ko mai murɗe wuya, na ce babu. Ya ce alhamdulillahi, da fakat ce, wadda suke kira Newcastle, da yanzu ba ka da na kirgawa, ita ba ta da magani sai rigakafi. Wannan ya fi kama da abin da suke kira CRD, murar da ba ta kisa da yawa amma ba ta tafiya, wata ƙwayar cuta ce mai suna Mycoplasma ke kawo ta, in ana son tabbaci sai an kai gwaji. Na nuno masa ragowar kafsona da alfahari, ya yi murmushi ya ce shi wannan maganin aikinsa rushe katangar da ke kewaye da ƙwayar cuta, ita kuma wannan ba ta da katanga sam, ka ga kenan ka ɗauko magini ya rushe gidan da ba a gina ba.

Sai ya ce a cikinsu wane ne baƙo? Duk muka juya muka kalli Ciyaman, shi kuma ya miƙe wuya ya yi caran nan nasa mai gargada. Likita ya ce ga mai kayan nan. Na ce Dakta ai shi ya fi kowa lafiya. Ya ce haka suke, wanda ya taɓa yi ya warware yana ɗauke da ita har ƙarshen rayuwarsa, yana rabawa, in sanyi ko ƙura ko wahalar tafiya ta taɓa shi sai ta motsa, kuma kaza tana iya sa wa ɗanta ta cikin ƙwai. Da ka ware shi sati uku a wani keji nesa da su kafin ka haɗa, da ka gani da idonka.

Ya rubuta min tylosin na zubawa a ruwa, ya nuna min awo da cokali, ya ce kwana biyar cur, kullum sabon haɗi, ko sun tashi suna rawa a rana ta biyu kar in tsaya. A cire buhuna, a bar iska ta sama tana wucewa a tare ɓangaren da hunturu ke bugowa kawai, a kwashe jiƙaƙƙen ƙasan a zuba busasshen ɓuntun shinkafa, a wanke mazubin ruwa kullum. In sun warware zai dawo ya ɗiga musu rigakafin fakat a ido, irin wanda ake yi a Vom ta jihar Filato, kuma a riƙa maimaitawa duk bayan 'yan watanni. Sannan ya faɗi wadda ta fi yi wa Maman Ummi ciwo, ba cin ƙwai ba cin nama sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika. Kullum da safe sai ta ɗauko ƙwan ta nuna min kafin ta jefa a rami, tana cewa wannan ma a cikin arahar zakara yake.

Kaji dai sun warware, atishawa ta tsaya, ƙwai ya dawo huɗu biyar. Ciyaman kuwa na so in mayar da shi kasuwa in yi wa wani abin da aka yi min, Baba ya ce kai Malam ji tsoron Allah, likita kuma ya ce ciwon ba ya kama mutum, don haka da kwanakinsa suka cika aka yi farfesu. Naman tauri kamar taya, amma na cinye rabona don kar a ce.

Bayan kamar wata ɗaya ina wurin aiki sai ga saƙon murya a WhatsApp daga Maman Ummi, ta rubuta a ƙasa, jiya da daddare na ɗauka, abin nan fa ya dawo. Na kara a kunne cikin hayaniya, na ji kurrr kurrr ɗin nan har ya fi na da ƙarfi, gabana ya faɗi, nan take na tura wa likita na ce Dakta taimaka, wane magani za a ƙara? Shiru har la'asar. Can sai ga amsarsa, shi ma da murya, ina jin wasu na ƙyalƙyala dariya a bayansa, ya ce Malam na saurara sau uku, har na kunna wa abokan aikina, wannan mai numfashin ya haura kilo 70, kuma a minti na biyu ya yi juyi ya ce a rage min kuɗin zakaran, don Allah a kai shi asibitin mutane.