Wai zamanin alli ya wuce

Don Allah ku daina turo min bidiyon nan, a gabana aka ɗauke shi. Ni ne mai jar hular nan a layi na uku da ya zuba tagumi. Abin da kuka gani ma somin-taɓi ne, mai ɗauka ya kashe wayarsa kafin a zo wurin da ya fi daɗi.

Mutum ya taso takanas daga Yawunde, babban birnin ƙasarmu Kamaru, cikin kwat a wannan zafi na Garwa, ya tara malamai a ɗakin bita ya ce mana wai zamanin alli ya wuce. Wai nan da 'yan shekaru yaro zai riƙe waya, ƙirƙirarriyar basira ta koya masa komai, aikin malami kuma ya koma "rakiya". Rakiya fa! Sai ka ce amarya za mu kai. Bai rufe baki ba aka ɗauke wuta. Majigi ya mutu, fanka ta tsaya, gwanin namu ya shiga latse-latse yana sharce zufa, ya rasa ta cewa, don duk jawabin yana cikin hotunan da suka ɓace. Can sai wani dattijo malamin lissafi, wanda saura ƙiris ya yi ritaya, ya lalubo guntun alli a aljihu ya miƙa masa ya ce: "Ɗana, ga tsohon zamani, ko za ka ɗan ara kafin sabon ya dawo?"

Kada wani ya ce min ɗan gargajiya. Kwamfuta nake koyarwa, shekara goma sha ɗaya ke nan, da ita nake ciyar da iyalina. Na sha zana madannan kwamfuta a allo da alli, maɓalli bayan maɓalli, yara su kwafa a littafi, su je su rubuta BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ba su taɓa taɓa na'urar da hannu ba. In batun son kayan zamani ne, na fi mai kwat ɗin nan buƙatarsu. Abin da ya ɓata min rai shi ne rainin. Na'ura ba ta san yaro ba.

Ajina ɗaya yana da yara fiye da casa'in. Akwai wata yarinya da kullum sai an yi nisa take shigowa, hannunta da ƙamshin ƙuli, don sai ta kai tallan uwarta tasha tukuna. Akwai yaron da ko me ka faɗa zai ce "wi mushe", wato "e, malam" da Faransanci, alhali ko kalma ɗaya bai kama ba, Faransanci yana shiga ta nan ya fita ta can. Ranar da na ga idonsa ya yi zuru-zuru, na ajiye Faransancin na ce masa da Hausa, na maimaita da Fillanci don na kusa da shi: ka san adakar kakarka? Cikinta akwai ƙunshi, cikin ƙunshi akwai zane, to haka ake ajiya a kwamfuta. Ya yi dariya, daga ranar bai sake ɓata ba. Wace manhaja ce za ta kalli fuskarsa ta gane ƙarya yake yi da ya ce ya gane? Na'ura ba ta san yaro ba, na faɗa na ƙara.

Kuma ai ba yau muka fara ganin wannan wasa ba. A 2016 aka yi wa ɗaliban jami'a alƙawarin kwamfutoci 500,000, aka ciwo bashi daga China, a ƙarshen 2017 aka fara raba su, masu tambarin PB HEV. An yi guɗa, an ɗauki hotuna. Wasu sun amfana, ban musa ba. Amma ku tambayi waɗanda suka karɓa a Marwa da Ngaundere ina tasu take yau, ku dawo ku gaya min ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A Maris na 2020 korona ta rufe makarantu, aka mayar da darasi CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnati. Madalla ga mai talabijin da wuta. Mu da wutarmu ke jiran ruwan madatsar Lagdo, in Binuwai ya ja baya sai rabon wuta unguwa-unguwa, sai da aka kafa tashoshin hasken rana a Gidar da Marwa aka ɗan samu sa'ida. Yaron ƙauyen da ko turken lantarki babu fa? Da aka koma aji, mu ɗin nan masu alli muka sake ɗauko karatu daga tushe.

Shi malamin da ake so ya koma ɗan rakiya, wa ya tambaye shi yadda ya kwana? Makarantu nawa ne a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa da malaman iyaye ke riƙe da su, waɗanda sai iyayen yara sun yi karo-karo ake ba su abin da bai kai kuɗin buhun masara ba? A Fabrairun 2022 malamai suka ajiye alli a faɗin ƙasa ƙarƙashin wani yunƙuri mai suna OTS, ma'ana haƙuri ya ƙare, saboda mutum ya yi shekaru yana aiki babu lambar ma'aikaci, babu cikakken albashi. Ba majigi suka nema ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Na san masu zuwa su ce "Malam, ka je ka ga Ruwanda", "Malam, basirar nan har Hausa tana ji". Na ji, ni ma ina amfani da ita wajen shirya darasi in data ta yarda. To ta tashi ta hau babur ta je gidan uban da ke shirin cire 'yarsa daga aji huɗu, ta durƙusa a zaure, ta gaisa, ta sha ruwan randa, ta roƙe shi ya bari ta gama. Ranar da ta yi haka ku kira ni.

Tsakani da Allah, ni ilimi a wurina amana ce da ake damƙawa hannu da hannu. Malamina na allo, Allah ya jiƙansa, ba ya barin ka wanke sai ka biya babu gargada. Da jin muryarka daga bayan zaure ya san ko ka yi tilawa ko yawon kogi ka tafi, ya kuma san ranar da yunwa ce ta hana ka, sai ya tura ka cikin gida a ba ka ɗumame. Allon nan da tawadar ƙaro su ma kayan aiki ne, babu wanda ya taɓa cewa su suka koya mana karatu. Ku kawo kwamfuta, ku kawo intanet, wallahi da hannu biyu za mu karɓa. Amma ku fara da mutumin da zai tsaya gaban yaran nan ya kira kowa da sunansa.

Af, kuɗin motar da aka ce za a ba mu bayan bitar har yau shiru, an ce takarda na jiran sa hannu. Sannan wanda ya ari cajata a layi na biyu, fara ce mai naɗin baƙin salatif a wuya, na san ka kuma kana karanta wannan. Ka bar min ita wurin mai shayin bakin makaranta kafin Juma'a.