Wai dimokuraɗiyya ba ta yaƙar 'yar'uwarta?

Malaman hulɗar ƙasa da ƙasa suna da wata magana da suke ji da ita: da wuya ƙasashe biyu masu mulkin dimokuraɗiyya su gwabza yaƙi da juna. Tun 1795 masanin falsafa Immanuel Kant ya kawo hujjar. Idan talakan da zai biya kuɗin yaƙin, kuma ya ba da ɗansa soja, shi ke da ta cewa, ba zai yi saurin amincewa ba. Sarki kuwa yana kishingiɗe a fada ake mutuwa. Masanin siyasa Michael Doyle ya sake tayar da zancen a 1983. Wasu suka ƙara da cewa shugaban da ya saba kashe rigima a majalisa da kotu, haka zai yi da takwaransa na waje.

Ƙidayar yaƙe-yaƙen da suke kafa hujja da ita ban musa ba. Dalilin ne nake da ja a kai.

A 1898 Ingila da Faransa saura ƙiris su kece raini a Fashoda, bakin kogin Nilu. Wani hafsa mai suna Marchand ya kafa tutar Faransa da 'yan tsirarun sojojinsa, sai ga Kitchener, janar ɗin Ingila, ya iso da jiragen ruwa masu bindigogi. Faransa ta janye. Zumuncin dimokuraɗiyya ne? Ina! Rundunar ruwan Ingila ta fi ƙarfinta, ga kuma Jamus a maƙwabta tana zuba ido.

Haka rikicin kamun kifi tsakanin Birtaniya da Aisland, daga 1958 zuwa 1976. Jiragen gadin teku na Aisland, ƙasar da ko rundunar soja ba ta da ita, suna tsinke komar masuntan Birtaniya, jirage na bangazar juna. Da Aisland ta yi barazanar rufe sansanin NATO na Keflavik, sai babba ya haƙura. Ni dai lissafi na gani a nan, ba kunya ba.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Iran. Majalisa ce ta ɗora Mossadegh a kujerar firaminista, ya mayar da man fetur hannun gwamnati, a 1953 Amurka da Birtaniya suka ƙulla juyin mulkin da ya kifar da shi. Wannan ba ya shiga ƙidayar malaman, domin a ma'aunin da suka fi amfani da shi, sai an kashe mutum 1,000 a fagen daga sannan sunansa yaƙi.