Suna son likitanci amma suna gudun kemistiri

Jiya bayan la'asar 'yar maƙwabcinmu a nan Agege ta zo min da littafin bayoloji, wai Kawu don Allah ni fa bayoloji nake so, me ya kawo atam da pH cikin babin farko? Yarinyar likita take son zama, har ta gama zaɓar LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, a ranta. Na ce to 'yata ai ko JAMB ba za su bar ki ki nemi likitanci ba sai kin haɗa da kemistiri da fiziks, gara ku shirya tun yanzu.

Ni dai a ganina laifin namu ne mu masu koyarwa, don na daɗe ina yi wa yara lesin da yamma na ga yadda ake yi, sai a cika allo da alamomi a ce su haddace, alhali duk abin nan yana madafin uwarsu. Wallahi har da ni na yi wannan kuskuren a baya.

Na ce mata jikinki ɗin nan kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne, kuma sinadarai huɗu kacal, oksijin da kabon da haidurojin da naitirojin, su ne kusan kashi 96 na nauyinki. To shi ruwa gefensa ɗaya na da ɗan cajin negatib ɗaya kuma fozitib, shi ya sa yake narkar da gishiri da sukari, amma mai ba shi da wannan cajin sai ya ƙi shiga, kin ga yadda manja ke tasowa saman miya ai. Fatar da ta rufe kowace ƙwayar halitta a jikinki da irin wannan rigimar aka gina ta, wani nau'in kitse ne mai kai da ke son ruwa da jela mai gudun ruwa, sai su jeru layi biyu jelolin na ɓuya a ciki. Ta ce yauwa, wannan zanen mai kama da ashana ta sha haddace shi ba ta san dalili ba!

Maganar pH kuwa ai kunun tsamiya da kunun kanwa ne. Ma'aunin tsami ne, daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya, tsamiya na ƙasa don asid ce, kanwa na sama. Ɗiga ruwan kanwa cikin zoɓo ki ga jan ya juye ya yi duhu, to irin aikin da takardar litmos ke yi a lab kenan. Asid ɗin cikinki yana kusan 2, amma jini dole ya tsaya tsakanin 7.35 da 7.45, in ya kauce sosai sai asibiti. Dalili kuwa furotin da siffarsa yake aiki, tsami ko zafi na lalata siffar, haka mai awara ke zuba ruwan tsami madarar waken suya ta dunƙule, haka ƙwan mai shayi in ya taɓa kasko ba ya sake komawa ruwa har abada.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne sikila, duk wahalar da yaran nan ke sha daga amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) guda ɗaya ne da ya canza a matsayi na 6 cikin sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini. Guda ɗaya fa jama'a. Ga kuma janareto da muke kunnawa a lungu ko baranda in an ɗauke wuta, hayaƙinsa na da kabon monoksaid wanda ke kama himogulobin fiye da oksijin sau sama da 200, ba wari ba kala, shi ya sa ake wayar gari a ji iyali guda sun mutu cikin barci, Allah Ya kiyaye. Ka ce min yaron da aka yi wa bayani haka zai ce kemistiri bai shafe shi ba?

Ta ce ranar Asabar za ta dawo da ƙawayenta biyu, na ce ku taho da zoɓo da kanwa da kofuna, kar dai ki ɗauko kanwar Mama duka ta zo ta same ni.